Kuncin Gauraka

Gidan da ɗana ya ajiye ni a unguwar Taman Melati, a wannan ƙasa mai nisa da gida, hawa na goma sha huɗu ne, saboda haka tsuntsu ma sai na leƙa ƙasa nake ganinsa. Wannan abu ya daɗe bai zauna mini ba. Ni da na tashi ina ɗaga kai in ga abin da ke wucewa a sama, yau ga ni ina kallon gadon bayan hankaka ta taga. Idan na idar da sallar asuba nakan ja kujerata bakin baranda in zauna da carbi, in ji jirgin ƙasan nan nasu mai tafiya a kan gada ya taso da ƙugi, can kuma waɗansu tsuntsaye masu rawayen baki su sauko kan ƙarfe suna surutu kamar matan da suka haɗu a gidan suna. Ba kunya, ba tsoro, ko tafi ka yi musu sai su karkata kai su dube ka. Ban san sunansu ba, ban kuma taɓa tambaya ba. Na ɗauke su baƙi, su ma na san haka suka ɗauke ni.

Mu a garinmu ba a zaunar da yaro a koya masa tsuntsu, aiki ne ke koya masa. Idan shinkafa ta fitar da kai a fadama, kowane gida sai ya kafa rumfa mai tsawo a tsakiyar gonarsa, a ja igiyoyi zuwa kusurwa huɗu, a rataya musu gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Mu 'yan mata mu ne masu hawa. Tun raɓa ba ta bushe ba za a ba ki ɗumame a ƙwarya da majaujawa, ki hau, ba ki sauko ba sai rana ta yi ja. Jan-baki, 'yan tsuntsayen nan masu cinye shinkafa, idan suka taso kamar hayaƙi suke, sai ki ja igiya da dukkan ƙarfinki, gwangwanaye su ɗauki kuka, ki ƙwala ihu, ta rumfar gaba ta karɓa, ta gabanta ta karɓa, har ihun ya zagaye fadamar ya dawo miki. Tsakanin wannan tashi da na gaba kuwa ba abin yi sai kallo. A nan na san zalɓe ba ya tashi sai ya naɗe wuya, na san kirinjijiya da fito take isowa kafin a ganta, na san dinya ba ta sauka sai ta zagaya sau biyu, belbela kuwa ba ruwanta da kowa sai shanu. Idan na koma gida Iya, uwar mahaifina, takan tambaye ni abin da ya sauka ranar. Ba ta yarda da "kamar" ba. Idan na ce kamar shamuwa na gani, sai ta ce, to gobe ki koma ki gani sosai, ba a kawo mini zato a gidan nan. Tsohuwar ba ta da wasa, kuma mutane na cewa ita na gado.

Cikin duk abin da ke sauka a fadamar nan, gauraka ce ba a taɓawa. Mahaifina maharbi ne, da abin da ya harbo muke miya, amma bai taɓa ɗaga bindiga ga gauraka ba, kuma yaron da ya ɗauki ƙwanta ya san dukan da zai sha ba na uwarsa kaɗai ba ne. Ban ji an ce haramun ce ba. Haka dai muka taras, cewa su biyu suke zama, mace da namiji, kuma garin da suka zaɓa suka yi sheƙa garin albarka ne. Da damina idan suna rawa, su buɗe fukafukai su yi tsalle su rusuna wa juna, har masu noma kan dogara da fartanya su tsaya. Kukansu kuma daga nesa ake jinsa, mai kauri, kamar ana busa ƙaho a cikin tulu. Zuwana gida na ƙarshe na sa aka kai ni wurin. Ruwan ya ja baya, an yi albasa da injinan ban-ruwa suna ta tari, ba rumfa ko ɗaya. Na tambayi jikokin ƙanena ko suna ganin gauraka, suka dubi juna, ɗaya ya ce ko wata irin agwagwa ce.

To, ina da jika a gidan nan, takwarata, iyayenta na ce mata Ummi don ba sa iya faɗin sunana. A nan ta girma. Idan na yi mata magana da Hausa, rabin amsar da Turanci take zuwa, ragowar da yaren mutanen nan, Hausar kuma 'yar kaɗan a ƙarshe kamar gishiri. Tana jami'a, abin da take karanta kuwa zanen halittu ne, ganye da ƙwari da tsuntsaye, irin wanda ake sa wa a littattafan masu bincike. Da farko ban so ba. Ubanta ya ce ya tambayi malamai, na ilimi ne, na ce to, na zuba ido. Shekararta ta ƙarshe aka ce kowane ɗalibi ya kawo babban zane guda na wata halitta daga ƙasar iyayensa, a rataya a zaure, malamai su duba, da shi za a yanke ko ya fita ko ya maimaita. Ta taɓa jin ina ambaton gauraka, sai ta zaɓe ta, ba ta gaya mini ba. Wata biyu tana fita da jaka tana dawowa da fenti a yatsu, tana rufe ƙofar ɗaki. Ni kuma ina gani, don ba abin da ke shiga ko fita gidan nan ban gani ba, amma na ƙyale ta.

Saura kwana goma a karɓa, ranar wata Asabar da hantsi, ta fito da shi falo ta jingina a kujera, ta yaye ƙyallen. Uwarta ta fara salati don kyau, ubanta ya ɗauko waya zai ɗauki hoto. Yarinyar ta zo ta durƙusa kusa da ni tana murmushi, ta ce, da 'yar "lah" ɗin nan da mutanen ƙasar ke liƙa wa magana, "Kaka, ki duba lah. Tsuntsunku ne."

Na duba. Tukkun nan na zinariya yana nan, kowane tsinke an ja shi daban. Ƙafafun daidai. Amma wuyan toka-toka ne mai haske, kuncin fari fat, ga wani jan nama yana lilo a maƙogwaro kamar na zakaran gidan gona. Abin da ya fito daga bakina shi ne abin da Iya za ta faɗa. Na ce wannan ba gauraka ba ce, kin yi wa halittar Allah ƙarya, kuma da sunanmu za ki rataya ta a gaban mutane. Ubanta ya ce, "Haba Inna, shekaru sun ja. Gauraka ai gauraka ce." Na ce masa shi da bai taɓa kwana a rumfa ba ya yi mini shiru. Yarinyar ba ta yi kuka a gabana ba. Ta mayar da ƙyallen, ta ɗauki abinta, ta juya fuskarsa bango. Kwana biyu ba ta zauna cin abinci da ni ba, kuma uwarta ta gaya mini a kicin, da murya ƙasa-ƙasa, cewa ta ce ba za ta kai komai ba, gara ta maimaita shekarar, ko ma ta bar karatun.

Ni ba mai ba da haƙuri ba ce, ban iya ba. Amma na san abu guda, yarinyar nan ba ta da ha'inci, ko ruwa na aike ta ta ɗebo sai ta cika kofin. Mai irin wannan hali ba ya ƙirƙiro jan nama ya manna wa tsuntsu. Rana ta uku na ɗaura mayafi na buga mata ƙofa, na ce ta tashi ta kai ni inda ta ga abin da ta zana. Ta ce da nisa, sai an hau jirgin nan na kan gada. Na ce ƙafata ba ta mutu ba.

Wani lambu ne babba da aka rufe samansa da raga, tsuntsayen duniya iri-iri na yawo a ciki, mutane na biye da su da waya. Zafin garin nan mai ɗanko ya jiƙa mini baya kafin mu kai bakin wani ɗan tafki. Ta nuna da hannu. Ga su nan su biyu a tsaye, wuya toka-toka, kunci fari, jan nama na lilo. Na daɗe ina kallonsu, na tuna zanen da ke fuskantar bango a gida, ban sami ko gashi ɗaya da ta ƙara ko ta rage ba. Ta karanta mini allon da ke gefen, ta ce an rubuta daga gabashi da kudancin Afirka aka kawo su. Ashe 'yan uwan tamu ne na wata ƙasa. Ita da aka haifa a nan, ta ji an ce Afirka, ta ga tukku, ina za ta san akwai wata? Na ce mata, "Takwara, ba ki yi ƙarya ba. Abin da kika gani kika zana, idonki lafiya lau. Bakina ne ya yi sauri." Ta dube ni kamar ba ta gane Hausar ba, don tun da take ba ta taɓa jin na janye magana ba. Na ce ta samo mana wurin zama, akwai abin da zan gaya mata.

Ina 'yar shekara tara ko goma, wani Bature ya kafa tanti a gindin tsamiyar bakin fadama. Ba mai mulki ba ne, ba likita ba, tsuntsaye yake zanawa. Yana da 'yar Hausarsa irin ta masu koyo, da akwatin fenti, da ma'aunai ƙanana. Aka haɗa shi da mahaifina. Baba ya harbo, Baturen ya auna baki da fiffike da ƙafa, ya rubuta, ya feɗe fatar ya cusa auduga, sannan ya zauna ya zana. Mutanen gari na zuwa kallo, don hasbiyar da ya zana sai ka ce za ta tashi daga takardar. Wata rana ya ce gauraka yake so. Baba ya ce ba ya harbinta. Ya roƙa, ya kawo dalilai, Baba ya ce ko me zai kawo ba ya harbinta. Sai Baturen ya ce ba komai, yana da wata busasshiyar fata da ya samo a wani gari, da ita zai yi. Ya yi kwana uku a kai, ya kawo har zauren gidanmu yana jin daɗi. Iya ta sa aka shigo mata da takardar. Ta riƙe ta nesa da fuska, ta daɗe, sannan ta ce a gaya masa gawa ce ya tsayar da ƙafafunta. Kuncin ya yi launin tsohuwar ƙwarya, don fata idan ta bushe jininta guduwa yake, idon baƙi ya sa mata na zato, wuyan kuma ya lanƙwasa shi irin na zalɓe.

Na ɗauka zai yi fushi. Fuskarsa ta yi ja, can ya tambayi Baba yadda za a yi ya ganta da rai kusa, tun da ko ya ya matsa tashi suke. Baba ya shiga ɗaki ya ɗauko kan burtunsa. Na tsaya na yi wa takwarata bayani, don ba ta san shi ba: kan wani babban baƙin tsuntsu ne da maharba ke ɗaurawa a goshi, su lulluɓa da baƙin zane, su yi rarrafe suna gyaɗa shi kamar yana kiwo, namun daji su ɗauka burtu ne su bar shi ya matso. Washegari da sassafe ina kan rumfa, da idona na ga Bature guda, mai tsawon ƙyauren zaure, an ɗaura masa kan burtu, yana jan ciki a cikin taɓo da takarda a ƙirji. Bai iya gyaɗawa ba, sai sama da ƙasa yake yi da kai kamar rago ya ga ruwa. Baba na bayansa yana zungurinsa da kara idan ya yi sauri. Duk rumfunan fadamar nan sun yi tsit, kowace yarinya ta cusa zane a baki. Ranar jan-baki sun ci rabonsu, ba wadda ta ja igiya. Ranar farko gaurakin suka tashi. Rana ta biyu ma haka. Rana ta huɗu ya isa kusa da su har yana jin motsin ƙafarsu a ruwa, ya kwanta a nan tun fitowar rana har ta take tsaka, matsattsaku na shan jininsa, bai motsa ba sai hannunsa. Da ya kawo sabon zanen, Iya ta duba, ta duba, ta ce a ba shi fura. Iyakar yabon da ta yi ke nan. Kafin ya tafi ya yayyaga na farkon da hannunsa.

Takwarata ta yi dariya har da riƙe ciki, tana cewa in sake nuna mata yadda yake gyaɗa kai. Na ce ban zo wasa ba. Amma tana gama dariyar ta ce to ita yanzu ina za ta ga tamu, saura mako guda. Hotunan waya ta ce ba a yarda a kwafa ba, kuma rabinsu ma an cakuɗa iri biyun. Sai ta tuna a ɗakin karatun jami'arsu akwai wani sashe na tsofaffin littattafai da ba a fita da su.

Washegari ta kai ni. Sanyin wurin kamar cikin randa. Wata ma'aikaciyar wurin, 'yar ƙasar mai lulluɓi, ta kawo wani littafin tsuntsaye a kan matashi, babba kamar faifan tuwon biki, ganyensa ya yi launin madarar da ta kwana. Da hannu aka shafa launin kowane tsuntsu, in ji takwarata, tun kafin a haifi ubanta, wataƙila tun kafin ni. Tana buɗewa a hankali, ni kuma ina kiransu kamar ina gaishe da dangi a gidan biki. Ga cilakowa. Ga shamuwa. Ga dinya, an ma sa mata ƙayar fiffikenta. Matar nan ta tsaya tana kallona, ta tambayi yarinyar ko ni malama ce. Sai aka juya wani ganye, na ɗora hannu a ƙirji. Wuya baƙi kamar an shafa shuni, goshi kamar ƙaramar kwalliyar karammiski, ido fari-fari mai haske, maƙogwaro ba wani abin lilo sai ɗan kaɗan, kunci kuma rabi biyu, sama fari, ƙasa ja-ja. A gefe an zana ƙafar ita kaɗai da bakin shi kaɗai, da 'yan layukan awo, don mai bincike. Amma tsuntsuwar kanta a tsaye take cikin ciyawa, kuma ciyawar ta fi mai kallo tsawo. Na ce wa takwarata, ban san wanda ya yi wannan ba, ba kuma zan ce namu ne ba tun da ban sani ba, amma ko wane ne, a kwance ya ganta, da cikinsa a taɓo.

Kwana shidan nan ƙofar ɗakinta a buɗe take, kujerata kuma ta bar baranda ta koma can. Awo da ƙirar jiki ta ɗauko daga littafin. Tsayuwa da yadda ƙafa ke ɗagawa ta koma lambun ta ɗauko wurin 'yan uwansu, kuma na raka ta, na sa ta kwanta rub da ciki a bakin tafkin ta duba daga ƙasa. Mutane na wucewa suna kallonta, ni kuma ina tsaye a kanta da jakar hannuna ina kallonsu har su kau da kai. Kuncin ne ya ba mu wuya, don na littafin ya koɗe da tsufa. Ta haɗa launi, na ce ya yi jini. Ta ƙara fari, na ce ya mutu. Ta ce, "Kaka, ke fa ba a iya miki." Na ce ba ni za a iya wa ba, tsuntsuwar ce. A ƙarshe na aiki uwarta ta sayo gwaiba mai jan ciki a kantin ƙasa, na raba ta biyu na ajiye kusa da fentin, na ce ga shi nan, wurin da ke kusa da ɓawon, ba tsakiyar ba. Ta haɗa, ta shafa, ta ja da baya. Na duba, na duba. Na ce wa uwarta ta dama mata fura. Yarinyar ta gane, ta rufe fuska da tafin hannu mai fenti.

Na farkon ma ban bari ta yaga ba. Na ce ta kai su biyu ta jera, ta gaya wa malaman gaskiyar yadda aka yi, don mai zuwa bayanta kada ya faɗa ramin. Haka ta yi, kuma sun karɓa, ta fita. Ranar da aka rataya su ɗana ya tsaya gaban mai baƙin wuyan ya daɗe, sannan ya matso ya ce, "Inna, ashe da gaske biyu ne." A ƙasan zanen akwai rubutu layi biyu. Ni ban san baƙi ba, ban taɓa zama a aji ba, sai na tambaye ta me aka sa. Ta ce na sama dogon sunan masu bincike ne, na ƙasa kuma ita ta roƙa a ƙara. Ta kama yatsana ta ɗora a kai, ta karanta mini a hankali, gauraka, da Hausarta mai karkata.

Da muka dawo gida bayan la'asar, hadarin garin nan na kullum ya haɗo, muna baranda ni da ita, masu rawayen bakin nan na ta surutunsu a kan ƙarfe. Ta ce akwai abin da littafin bai gaya mata ba, lambun ma bai gaya mata ba, don na can ba ta taɓa jin sun buɗe baki ba. Ta ce, "Kaka, yaya kukanta yake?" Na ce kamar ƙaho a cikin tulu. Ta ce ita ba a kawo mata "kamar" a gidan nan.

Na harare ta. Ba ta sauke ido ba, takwarar tawa. Na duba hagu, na duba dama, na ajiye carbin a cinya, na cika ƙirjina da iska, na yi kukan gauraka daga hawa na goma sha huɗu, sau biyu, yadda namijin ke kira macen ta amsa. Masu rawayen baki suka watse. Uwarta ta fito daga kicin a guje da ludayi a hannu tana tambayar me ya sami Hajiya. Na ce ba abin da ya same ni, ta koma kada miyarta ta kama. Sannan na juya ga yarinyar na ce, saura ke, kuma daga ciki ake ɗauko shi, ba daga hanci ba.